Fatawa: Malamar da hidimar yara ke sa ta makara, ana sa mata hannu a rajista

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni malama ce a wata makarantar firamare ta gwamnati a Tudun Wada, Kaduna, amma a Rigasa nake aure. 'Ya'yana uku: babban shekararsa 6, mai bi masa 3, sai ta goye mai wata 9. Tun asuba nake tashi, ga wanka, ga abin kari, ga shirya babban zuwa makaranta, in kai na tsakiya gidan maƙwabciya, sannan in goya ƙaramar in fita neman keke. Kafin in tsallake Bakin Ruwa an gama asembili, sau da yawa darasin farko ya yi nisa. Wata abokiyar aikina ce ke sa mini hannu a rajista, ta rubuta lokacin da ya kamata in zo. Maigidana ya yarda in yi aikin, amma ya ce hidimar safe ba tasa ba ce. Shin albashina halal ne? Ko in ajiye aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya raya miki zuri'a, ya saka miki da alheri da wannan tsoron da ya sa kika yi tambaya.

Aikin kansa babu laifi a cikinsa, tunda mijinki ya yarda kuma kina fita cikin sutura. Mace ta karantar ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi aure, ta haihu, ta kuma horar da jajis, wato malamai mata, da ke kai karatu ƙauyuka ga 'yan taru, wato matan da ke taruwa don ɗaukar karatu, har ta rasu a 1864. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar dogon bayani.

Inda maganar take shi ne rajista. Ma'aikacin albashi, a wurin malaman fiƙihu, ɗan ƙodago ne keɓantacce, wato wanda aka ɗauka a kan lokacinsa, ba kamar tela ba da ake biya a kan ɗinkin da ya gama ko da tsakar dare ya yi shi. Sa'o'in makaranta kin riga kin sayar da su, ba naki ba ne. Allah ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." Don haka rubuta ƙarfe 7:30 alhali ƙarfe 8:30 kika shigo ƙarya ce, kuma algus ne, Manzon Allah (SAW) kuwa ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Haramun ne a kanki, haramun ne a kan wadda ke sa miki hannun. Na san da tausayi take yi, amma ki sallame ta daga gobe, kada ki ja ta cikin abin da ba nata ba.

Mutane kan ce ai kuɗin gwamnati ne, ba na kowa ba. Wanda ake tauyewa a nan ba gwamnati ba ce kawai. Yaran ajinki ne, 'ya'yan masu tura baro da masu sayar da ƙosai, waɗanda iyayensu ba su da kuɗin makarantar kuɗi balle na malamin lesin. Darasin farko shi ne lokacin da kan yaro yake a buɗe. Wanda ya karɓi albashi cikakke ya ba da darasi ragagge, bai da bambanci da mai awon da ke danne gindin mudu, kuma kin san abin da Suratul Muɗaffifina ta ce a kan masu tauye awo.

Amma albashinki gaba ɗaya bai haramta ba. Abin da kika yi wa aiki halal ne tsarkakakke. Ɗan jinkirin da al'adar wurin aiki ta saba yafewa, ko wanda ruwan sama ko cunkoso na ba-zata ya jawo, babu komai a kansa. Wanda ya zama na kullum, har darasi ke wucewa, shi ne bashi a wuyanki. Hanyar biyansa mafi kusa ita ce ki tuba, ki rama wa yaran darussan da suka rasa a lokacin da babu darasi a jadawalinki. Idan ramuwar ba ta yiwu ba, ki ƙiyasta kuɗin wannan lokacin ki sa shi cikin amfanin makarantar, alli ko littattafai ko gyaran benci, ba tare da kin ɗauke shi sadakar da kike jiran ladanta ba.

Sannan ki je wurin shugaban makarantar ki faɗa masa gaskiya. Yana da ikon juya jadawali, ya mayar da darussanki bayan na farko, wata malamar ta riƙe safiya ke kuma ki riƙe mata wani lokacin. Abin da ya yi miki izini a cikin hurumin da hukuma ta ba shi, halal ne gare ki. Abin da ba shi da hurumi a kai, kamar amincewa da sa hannun ƙarya, izininsa ba ya halatta shi. Ba kuma alfarma kike roƙo ba daga sama. A 2019 gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta wata 6, dokar ƙodago ta ƙasa kuma ta tanadi rabin sa'a sau biyu a rana ga mai shayarwa. Ke nan tsarin ma ya san da zaman mai goyo. Shiga aji da goyo kuwa, idan makaranta ta yarda kuma bai hana karatu ba, ban ga laifinsa ba. Annabi (SAW) ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta.

Saura maigida, kuma ina so ki karanta masa wannan cikin ladabi, ba da sigar kai ƙara ba. Gaskiya ne a mazhabar Malikiyya shayarwa tana kan uwa muddin tana gidan aure, sai in irinta ba su shayarwa, haka Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Amma ayar da ta yi maganar shayarwa shekara biyu, ta 233 a Suratul Baƙara, ita ce ta ɗora ci da tufafi a kan uba, ta kuma ce kada a cutar da uwa saboda ɗanta. Shehu Khalil a Mukhtasar, a babin reno, ya ambaci kula da yaro da ladabtar da shi da tura shi makaranta a cikin abin da yake na uba. To babban yaron nan ɗan shekara 6, me zai hana babansa ya sauke shi makaranta a hanyarsa ta fita? Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi (SAW) ke yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Buhari ne ya ruwaito. Ina ganin magidanta da yawa a garin nan sun haddace hadisan biyayyar mace tsaf, wannan kuwa sai su yi kamar ba su taɓa jin sa ba. Mijin da ya yarda matarsa ta yi aiki, wataƙila ma albashin na shiga cefane, bai kamata ya bar ta a matsin da sai ta yi ƙarya za ta riƙe aikin ba. In ba zai iya da kansa ba, ya biya mai reno amintacciya, babba mai hankali, ba yarinyar da ita ma makaranta ta kamata ta tafi ba.

Batun ajiye aiki, ban ba ki shawararsa yanzu ba. Ki fara da daina sa hannun, da magana da shugaban makaranta da maigida, ki kuma nemi canjin wurin aiki zuwa wata makarantar da ke cikin Rigasa ta hanyar hukumar ilimin firamare. Ki rage aikin safe ta hanyar yin wanki da guga da haɗa jakunkuna tun dare. Idan kin gwada duk wannan zango ɗaya, kika ga har yanzu ko dai yaran gida su cutu ko na aji, sai ki nemi hutu ba albashi ko ki ajiye har ƙaramar ta yi wayo, domin ajin zai sami wata malamar, jinjirar kuwa shayarwarta a kanki take.

Wallahu a'alam.