Yadda tairosin kainas ke jawo ciwon daji

Ka tambaya me ya sa sinadarin da jiki ke buƙata yake zama sanadin ciwon daji. Tairosin kainas furotin ne da ke aiki kamar makunni a cikin ƙwayar halitta. Idan saƙon girma ya iso daga waje, sai ya ɗauko wani ɗan sinadari mai suna fosfet daga ATP, sinadarin da ke ba ƙwaya kuzari, ya liƙa wa wani furotin, saƙon ya wuce ciki, ƙwayar ta rabu biyu. Daga baya wani furotin mai suna fosfatas ya cire fosfet ɗin, komai ya lafa. Masanin kimiyya Tony Hunter ne ya gano tairosin kainas a 1979. Mutum yana da irinsu kusan 90, kuma asalinsu ya girmi dabbobi, domin ana samunsu a wasu halittu masu ƙwaya ɗaya tak.

Matsala tana zuwa ne idan makunnin ya ƙi mutuwa. A wani nau'in sankarar jini, kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwaya) na 9 da na 22 suna musayar yanki, sai a samu wani gurɓataccen tairosin kainas mai suna BCR-ABL, wanda ke aiki ba dare ba rana, ƙwayoyin jini su yi ta yawaita. Maganin imatinib, da aka amince da shi a 2001, yana toshe gurbin da ATP ke zama a jikin BCR-ABL, sai ya kasa aiki. Abin da ke damuna shi ne, wani lokaci furotin ɗin yakan sauya siffa har maganin ya daina kama shi.