Inna na kuka idan an lanƙwasa gwiwar, mu bar ta ta huta?

Tambaya: Likita, sati uku ke nan da aka sa wa mahaifiyata gwiwar ƙarfe a Yamai, yanzu mun dawo Tawa. Da an lanƙwasa ƙafar sai ta yi kuka. Maƙwabta sun ce motsi na sa ƙarfen ya goce, shi ya sa muka kwantar da ita da matashi a ƙarƙashin gwiwa. Mun yi daidai?

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya. Ƴar'uwa, ki janye matashin nan yau, ki mai da shi ƙarƙashin dunduniya. Gwiwar da ta saba kwana a tanƙware ƙin miƙewa take yi.

Zancen ƙarfe zai goce kuwa, kullum sai na ji shi, kuma ya gurgunta mutane da yawa. A kafe ƙarfen yake jikin ƙashi, galibi da siminti na musamman, shi ya sa tun washegarin aiki ake tayar da mutum ya taka. Abin da ke wa Inna ciwo naman da aka yanka ne. Idan aka bar shi kwance, tabon ciki yana ƙandarewa kamar ɗanyar fata da aka manta a rana, ciwon kuma ya ƙaru. Sati 6 na farko su ne lokacin motsa gwiwar, kun riga kun ci rabinsu. Gwiwar da ta sandare sai an koma ɗakin tiyata, an sa barci an tanƙwara ta. Wallahi raina na ɓaci idan aka kawo mini tsohuwa bayan wata 3, ƙafa kamar taɓarya, don kawai an bi maganar ƴan dubiya. Maɗori ma ba shi da aiki a nan, ba karaya ba ce. Tsaga a kan gwiwa mai ƙarfe ƙofa ce ga ƙwayar cuta, har takan kai a cire ƙarfen.

Ta sha maganin ciwonta rabin awa kafin motsi. Ta zauna a kujera tana jan dunduniya baya, ta ɗan zaga tsakar gida da sanduna, kaɗan-kaɗan sau da yawa, sannan a ɗora ƙanƙara cikin tsumma minti 15. Salla a kan kujera tukuna. Ku nemi kine, wato likitan motsa gaɓoɓi, ya duba ta cikin satin nan.

Ciwon da ya lafa bayan hutu ba abin tsoro ba ne. Amma idan sharaɓa ta kumbura ta yi zafi, ko numfashi ya sarƙe, ko ga zazzaɓi da mugunya, ku wuce asibiti ko cikin dare ne.