Tambaya da Amsa: Ina son karanta kula da ma'aikata, Baba ya ce akanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Na gama sakandare bana, ina shirin cike fom ɗin JAMB. Ina sha'awar kwas ɗin kula da ma'aikata, wanda ake ce wa HR, saboda ina son hulɗa da mutane, kuma ni da lissafi ba ma ga-maciji. Mahaifina ya ce wannan ba karatu ba ne, kowa ma zai iya ɗaukar ma'aikaci ya sallame shi, gara in yi akanta. Don Allah me ake koyarwa a cikinsa, kuma akwai aiki?
Wata ɗaliba daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba: in lissafi kike gudu, kin yi gudun gara kin faɗa gidan zago. Jami'o'i na neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, kuma a JAMB galibi Turanci da lissafi da tattalin arziki za ki rubuta, sai darasi ɗaya na zamantakewa. Digirin shekara huɗu ne, uku ga mai difloma ko IJMB (karatun share fagen shiga jami'a) da ya shiga kai tsaye. A shekaru biyun farko aji ɗaya za ku riƙa zama da 'yan akantan da Baba yake so ki bi, kuna ƙididdiga da tattalin arziki da ilimin ajiye lissafin kuɗi. Sai daga aji uku hanya ke rabuwa sosai.

Daga nan ne ake shiga zuciyar kwas ɗin: yadda ake fayyace aikin kowace kujera kafin a nemi mai zama a kanta, tantance masu neman aiki, tsara albashi da alawus, horaswa, auna ƙwazo, ladabtarwa, da zaman ciniki da ƙungiyar ƙwadago. Za ki ji sunayen su Maslow da Herzberg, masanan da suka yi nazarin abin da ke zaburar da mutum a kan aiki, har ki gaji. Ki haddace su don jarrabawa, amma ni a ganina darasin da zai ciyar da ke shi ne dokar ƙwadago.

Baba ya ce kowa zai iya sallamar ma'aikaci. Gaskiyarsa, kowa zai iya. Sallamar da ba za ta kai kamfani gaban Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ba ce ba kowa ke iyawa ba. Dokar ƙwadago ta 1974 ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da farawa. Ta tsara wa'adin sanarwa kafin rabuwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai cika shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Ga kuma wani tarko da sababbin shiga ke faɗawa: wannan doka ba ta rufe kowa ba. Manajoji da ƙwararru irin su injiniyoyi ba sa cikin waɗanda ta kira ma'aikata, su takardar yarjejeniyarsu ce madogara. Kalma ɗaya da aka rubuta da ganganci a takardar ɗaukar aiki tana iya zama shari'ar shekaru.

Ga inda lissafin ke dawowa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 10, a kan tushen albashi da kuɗin gida da na sufuri. In waɗannan ukun sun kai naira 200,000, ma'aikaci zai bayar da 16,000, kamfani 20,000. Akwai kashi 1 na jimillar albashi da ake biya wa asusun inshorar ma'aikata na NSITF don diyyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, bisa dokar 2010, da wani kashi 1 na asusun horaswa na ITF, ga harajin albashi. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, wa kike tsammani aka ce ya zauna ya gyara matakan albashi, don kada masinja ya kamo wanda ya shekara goma yana aiki? Duk ranar da albashin mutum ya zo da giɓin naira dubu biyu, ƙofarki zai ƙwanƙwasa, ba ta akanta ba.

Batun son hulɗa da mutane kuwa, a nan nake so ki tsaya ki yi tunani. Mai kula da ma'aikata a tsakiya yake, kamar ɗan aike tsakanin surukai. Ma'aikata na ganinsa ɗan koren mai gida, mai gida na ganinsa lauyan ma'aikata. Na taɓa zama a wani kamfani da aka ce mu rage mutum arba'in cikin mako biyu, wasu na san matansu, na je sunan 'ya'yansu. Ba a koyar da wannan a aji. Sannan ga alfarma. Ranar da dangi suka ji ke ce mai ɗaukar aiki, takardu za su fara zuwa ta hannun gwaggo da kawu da limamin unguwa. Wanda bai iya cewa a'a cikin ladabi ba, wannan kujera tana cinye mutuncinsa da wuri. Ke da kike Kaduna, ki tambayi dattawan Kakuri da suka yi aiki a masaƙu yadda rufe masana'anta ke barin ma'aikaci yana bin haƙƙinsa shekara da shekaru, za ki gane nauyin fayil ɗin da ake ba ki ajiya.

Aiki akwai, amma ba a ko'ina ba. Attajirin Kantin Kwari mai yara ashirin ba ya neman jami'in HR, shi da babban yaronsa sun isa. Bankuna, kamfanonin sadarwa, masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, manyan asibitoci da makarantu masu zaman kansu, da ƙungiyoyin agaji a Maiduguri da Abuja, su ne kasuwarki. Ko a can, kamfani mai ma'aikata ɗari biyu zai iya wadatuwa da mutum uku a wannan sashe. Kuma ƙofar a buɗe take ga kowa: za ki yi takara da wanda ya karanta lauya, ko ilimin zamantakewa, ko ma akanta. A nan maganar Baba take da ƙarfi, domin akanta na iya komawa HR, amma ɗan HR ba ya zama akanta cikin sauƙi.

Abin da ke bambanta mutum shi ne takardar CIPM, cibiyar ƙwararru kan kula da ma'aikata da aka kafa a 1968, doka ta ba ta iko a 1992. Hedikwatarta na Ikeja a Legas, tana shirya jarrabawa mataki-mataki, kuma masu ɗaukar aiki da yawa suna tambayarta. Ki haɗa da iya manhajar Excel sosai da rubuta wasiƙar ofis mai tsafta da Turanci.

Sunan kwas ɗin ya bambanta daga jami'a zuwa jami'a. Wasu na haɗa shi da hulɗar ƙwadago a matsayin digiri mai zaman kansa, kamar Jami'ar Legas. A wasu kuma darussa ne cikin digirin harkokin kasuwanci. In da 'yata ce ke, zan ce ki ɗauki harkokin kasuwanci a ABU Zariya ko Bayero, ki yi aikin bincikenki na aji huɗu kan ma'aikata, ki bi da CIPM lokacin bautar ƙasa. Kin sami abin da kike so, Baba kuma zai ga akanta a cikin sakamakonki. Kafin ki cike fom ɗin, ki buɗe kundin JAMB na bana ku duba tare da shi, ki tabbatar hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta amince da kwas ɗin a jami'ar da kika zaɓa.