Ta ɗauko 'yan wasa ta yi hoto: yaudara ce?

Tambaya: Malam, ina koyon ɗaukar hoto, kuma Diana Markosian nake koyi da ita. Sai na ji wai 'yan wasan kwaikwayo ta sa a aikinta na Santa Barbara. Hankalina ya tashi, ashe yaudararmu take yi?

Amsa: Kwantar da hankalinki, ƙanwata, ba ta ɓoye wa kowa ba. A Mosko aka haife ta a 1989, 'yar asalin Armeniya. A 1996 mahaifiyarta ta kwashe su ita da yayanta zuwa garin Santa Barbara da ke Kaliforniya a Amurka, aka bar uban a baya, har yanke shi aka yi daga hotunan gida. Wanda aka yanke da almakashi ta ina za ki ɗauko shi? A aikin Santa Barbara ta sake gina yarintarta da 'yan wasa, ta kuma faɗa a fili.

Dubi aikinta mai suna 1915. Ta nemo tsofaffin da suka tsira daga kisan kiyashin da aka yi wa Armeniyawa a Daular Usmaniyya ta Turkiyya a 1915, ta je garuruwansu na asali ta ɗauko hoto, ta wanke manya-manya, ta kawo musu har Armeniya suka tsaya gaban ƙasar da suka baro suna yara.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya daban ne, kullum kuma sai na ci karo da shi: mutane sun ɗauka duk tsohon hoto mai fari da baƙi hujja ne. Akwai hoton mata a gicciye da ake yaɗawa wai na 1915 ne. Daga fim ɗin Ravished Armenia na 1919 aka ciro shi, a Amurka aka shirya. Mai turawa yana ganin taimakon Armeniyawa yake yi, alhali wuƙa ya miƙa wa masu musun kisan. Su kama hoton bogi ɗaya, sai su shafa wa sauran kashin kaji, har da na gaskiya irin waɗanda Armin Wegner, ma'aikacin jinya a rundunar Jamus, ya ɗauka da hannunsa. 'Yan "a tura wa kowa" na WhatsApp ba sa tambayar wa ya ɗauka, ina, yaushe. Jinin mutane ne fa, a ji tsoron Allah!

Ke dai duk hoton da kika fitar, rubuta wuri da shekara a ƙasansa. In shirya shi kika yi, ki ce shiri ne.