Kafin ka fara guntule hannayen 'yan wasanka

Malam, tambayarka ta sosa mini inda ke min ƙaiƙayi. Ka ce a wasan Dungeons & Dragons (D&D) da kake ja, wasan labari da ake yi a tebur da dayis inda kowa ke da gwarzonsa, 'yan teburinka ba sa tsoron rauni: gwarzo ya faɗi, a jefa masa sihirin kalmar waraka ya miƙe, ya yi dogon hutu na awa 8, gari ya waye garas kamar ba shi aka sara jiya ba. Shi ne kake so ka shigo da raunin dindindin. Gaskiyarka, D&D bugu na 5, na 2014, haka yake. Amma don Allah ka saurare ni tukuna.

Ni an yi mini. A nan Garwa muke wasa, a zauren wani abokinmu a Yelwa. Maharbi nake da shi a wasan, na raine shi tun daga mataki na 1 har na 6, na rubuta masa tarihi, har ƙanwa na yi masa. Rannan aka kayar da shi, makin ransa ya koma 0. Sai mai jan wasan, ba zan kama suna ba, ya san kansa, ya buɗe jadawalin raunuka na littafin jagora, ya ce in jefa d20, wato dayis mai fuska 20. Ya fito 2. Wai hannu ya tafi. Maharbi fa! Da me zai ja baka? Ko sau ɗaya bai taɓa gaya mana yana aiki da wannan jadawalin ba, alhali dokar ma ta zaɓi ce. Na ce to a nemo mai warkarwa, ya yi dariya ya ce sihirin da ke mayar da gaɓa na mataki na 7 ne, sai malamin waraka da shi kansa ya kai mataki na 13, kuma babu irinsa a duk ƙasar. Dariyar ce ta fi ƙona mini rai wallahi. Yana zuba shayi yana dariya. Da mayaƙin ƙanin mai jan wasan ya faɗi a faɗan gaba kuwa, jadawalin ya yi ɓatan dabo, ba wanda ya sake jin labarinsa. Na hau babur na tafi gida ko sallama ban yi ba, kuma har yau in mun haɗu a kasuwa gaisuwa ce kawai.

To ka tara 'yan teburinka kafin a fara, ka faɗa musu za ka shigo da raunin dindindin, kowa ya yarda. In ɗaya ya ƙi, bar shi. Kuma kar ka ɗora raunin a kan duk faɗuwa, don masu tsayawa a gaba su ne za su ƙare guragu, mai sihiri yana baya lafiya lau. Mu yanzu abin da muke yi: wanda ya faɗi jifan mutuwa na uku (jifan dayis ne da wanda makin ransa ya koma 0 ke yi, faɗuwa uku mutuwa ce), ana ba shi zaɓi, ko ya mutu ko ya rayu da rauni, kuma shi zai faɗi wane iri. Za ka sha mamaki, da bakinsu suke zaɓar ɗingishi ko rasa ido.

Maganar faɗuwa da tashi kuma, gwada ba wa wanda aka tayar matakin gajiya ɗaya. Dogon hutu ɗaya ke cire ɗaya, a na 6 kuwa mutuwa ce, nan da nan za su fara shan maganin waraka tun kafin su faɗi. Akwai dokar da ke mayar da gajeren hutu awa 8, dogon kuma kwana 7. Tana da kyau, sai dai masu sihiri za su yi ta ƙorafi, ka rage musu yawan faɗa.

Kuma ka bar ƙofar waraka a buɗe, ko da nisa: wata tsohuwa mai ɗori a bayan dutse, ko maƙerin da zai ƙera hannun ƙarfe. Tafiyar neman su ma wasa ce ta zama guda. Af, in kana da ƙani a teburin, ka riƙa jefa dayis ɗinka a fili kowa na gani.