Tambaya da Amsa: Za a sayo gwal ɗin lefe daga Saudiyya, yaya za mu gane saiz ɗin amarya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ni ce babba a gidanmu, ni aka ɗora wa haɗa lefen ƙanina. Gwaggonmu za ta tafi Umara, ita za mu ba kuɗi ta sayo zobe biyu da awarwaro da sarƙar hannu, to amaryar tana Samaru mu muna Tudun Wada, kuma kun san in aka sayo daga can babu zancen mayarwa. Wata ƙawata ta ce in sa a ɗauko wanda ya ɗan matse, wai gwal yana saki, kuma ko awarwaro bai shiga ba ana sa leda a hannu ya wuce. Wallahi hankalina bai kwanta ba, kuɗin ba kaɗan ba ne. Daga wata baiwar Allah, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya sanya alheri. Awon ba wuya, amma kar ki yi shi da ka ko da ido, tura ƙanwar ango ko wata da amaryar ba ta jin nauyinta ta je Samaru da rula da tef ɗin tela, minti goma an gama.

Zobe dai mafi sauƙi a karɓi wanda take sawa yanzu a yatsan da za a sa sabon, ko na fashan ne, a ɗora shi kan rula a auna faɗin ramin daga ciki zuwa ciki, banda kaurin ƙarfen, a rubuta da milimita. Milimitar nan ita za ki ba Gwaggo, kar ki ba ta lamba kawai, domin lambar zobe ba ɗaya ba ce a duniya. Rami mai milimita 16.5 a lissafin Amurka lamba 6 ne, mai 17.3 lamba 7, mai 18.1 lamba 8. Ingila kuwa harafi suke sawa, wasu ƙasashen Turai kewayen ramin suke rubutawa, kamar 52 ko 54 ko 57, 'yan Italiya kuma su cire 40 daga kewayen su ce 12 ko 14. Kinga in Gwaggo ta shiga shago ta ce a ba ta lamba 7 ba ta san da wane lissafi mai shagon ya ji ba. In babu zoben gwaji a yanko siririyar takarda a naɗa a gindin yatsa a yi alama da biro, sannan a tabbatar za ta wuce gaɓa, don wasu gaɓarsu ta fi gindin yatsan kauri. Banda zaren saƙa, banda roba, suna miƙewa, kuma tsakanin lamba da lamba kewaye milimita biyu da rabi ne kacal. A auna da yamma, a hannun da za a sa, na dama yakan ɗan fi na hagu ga mai aiki da dama. In lokacin hunturu ne ku tuna yatsa yana ƙanƙancewa a sanyi, zafin Maris da Afrilu na Zariya in ya zo zai cika. Zobe mai faɗi kuma a ƙara masa rabin lamba.

Awarwaro ba wuyan hannu ake aunawa ba, nan mutane ke faɗawa rami. Ta haɗa babban yatsa da ƙaramin kamar za ta zura hannu, a zagaya tef a inda ya fi kauri, abin da aka samu a raba da 3.14, shi ne faɗin ramin awarwaron. Santimita 18 shi ne wanda ake ce wa 2.4, santimita 19 shi ne 2.6, santimita 20 kuma 2.8. Lissafin Indiya ne, 2.4 ɗin nan inci biyu ne da kashi 4 cikin 16, wato ramin milimita 57, shi 2.6 milimita 60, 2.8 kuma 63 da rabi. Sarƙar hannu ita ce mai sauƙi, a auna wuyan hannu a ƙara santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, shikenan.

Yanzu mu zo kan maganar ƙawarki, don ita ce ta sa na zauna rubuta wannan amsar da tsawo. Hajiya gwal ba ya saki. Ban san wa ya fara yaɗa wannan zancen ba amma kullum sai na ji shi a shagona na ƙirar gwal, daga 'yan mata har iyaye mata. Ba takalmin fata ba ne da zai buɗe in an yi sati ana sawa. Abin da mutane ke gani shi ne gwal mai karat 21 ko 22 yana da taushi, yana lanƙwashewa ya daina zama da'ira, sai a ce ya saki, alhali kewayensa yana nan yadda yake, lalacewa ya yi. Yatsan ne ke lotsawa a ƙarƙashin zoben, naman ya yi wuya ya kumburo ta sama da ƙasa, wata rana a tashi cirewa ya ce bai san zancen ba.

Ledar kuma e, tana shigar da awarwaro, ban musa ba. To wa ya ce hannun da ya shiga da leda da basilin ranar biki shi ne hannun da zai fito bayan wata shida? Amarya ce fa. Za ta huta ta yi ƙiba, in Allah Ya kawo rabo ciki ya zo, hannu da ƙafa su kumbura, awarwaron da aka tura da ƙarfi yana nan zaune a wuyan hannu ba inda za shi. Su nake gani ana kawo min, mace da tsohon ciki, yatsa ya yi suntum ya yi sheƙi, an kwana ana ja, an sa man gyaɗa an sa sabulu an sa omo, kowane ja kuma ƙara kumburin yake. Abin da ya fi ɓata min rai in ka tambaya me ya hana a zo da wuri sai a ce wai kar a yanka gwal ya yi asara. Wace asara? Zoben da aka yanka da abin yankan zobe a tsanake ana haɗa shi ya koma ba ki gane wurin ba, abin da ke zuba a yankan bai taka kara ya karya ba, gwal kuma da nauyi ake sayensa ba da zagayensa ba. A kan wannan ake barin yatsa ya kwana jini ba ya wucewa.

Sai 'yan dabara na unguwa. Wannan ya ce a kai wa mai walda, wancan ya ɗauko filaya da reza, wani ya ce a tsoma hannun a ruwan zafi wai ƙarfen zai buɗe. Ruwan zafi yatsan yake kumburawa, zafin da fata za ta iya ɗauka ba abin da zai yi wa gwal. Injin mai walda kuwa kafin ya raba zoben ya gasa ƙarfen ya ƙona fata, in hannu ya goce kuma sai dai Allah Ya kyauta. Ni kaina da nake sana'ar in na ga yatsa ya canza kala ba na taɓawa, asibiti nake turawa.

In zobe ya maƙale abin yi a gida kaɗan ne. A daina ja, a ɗaga hannun sama da kai na ɗan lokaci, a sa shi a ruwan sanyi, a shafa sabulu ko man kaɗanya a riƙa murza zoben a hankali. In bai fito ba a zura bakin zare mai santsi ta ƙarƙashinsa, a naɗe sauran a yatsan daga bakin zoben har a wuce gaɓa, sai a riƙa warwarewa daga gindi, zoben yana biyo zaren. A gwada sau ɗaya ko biyu, kar a wuni ana yi. Da zarar yatsa ya yi sanyi, ko ya mutu ba a jin taɓi, ko an danna farce jini bai dawo ba (in lalle bai rufe farcen ba kenan), a tafi asibiti a lokacin, ko da dare ne, ga asibitin koyarwa na Shika ga na cikin gari. A kuma gaya musu irin ƙarfen, don zobban nan na farin ƙarfe mai tauri da na tangistin (wani ƙarfe mai tsananin tauri) da samari ke sayowa ba sa yankuwa kamar gwal da azurfa. Mai ciki kuma in zobenta ya matse farat ɗaya, fuska ta kumbura, ga ciwon kai ko ido na gani dishi-dishi, wannan ya wuce maganar maƙeri, a je a auna jininta a ranar, alamar hawan jinin masu ciki ce mai kawo jijjiga, kar a jira ranar awo. Jarirai ma da ake sa wa ɗan awarwaro ranar suna a riƙa dubawa, in ɗan yatsanki ba ya shiga tsakaninsa da fata a cire.

Saboda haka ki gaya wa Gwaggo in awon ya faɗa tsakanin lamba biyu ta ɗauki babbar. Rage zobe aiki ne mai sauƙi a wajenmu, ƙara shi kuwa sai an sayi gwal an cike, ga kuɗin aiki, mai duwatsu zagaye kuma sau da yawa ba ya gyaruwa ko ta wane ɓangare, don haka shi ta fi kula da awonsa. Awarwaro in ta samu mai buɗewa, mai maƙulli ko mai sukuru, ta fifita shi a kan zagayayye, musamman irin mara nauyin nan mai rami a ciki da ke lotsawa in an matsa. Ki rubuta mata milimitar a takarda ki kuma tura mata a WhatsApp, ta sa mai shago ya auna a gabanta, ta duba hatimin 875 in karat 21 ne ko 750 in 18 ne, ta karɓo rasit mai ɗauke da giram ɗin kowanne.