Dalilin da ya sa ban cika shagon nan da 'yan gida ba

Jiya muna rufe shago ka ce mini, "Maigida, ga ƙanina zaune a gida babu aiki, me ya sa keken da ya rage ka bai wa yarinyar nan 'yar Jos? Ga Ibo a teburin yanka, ga mutumin Damagaram, ga kurma a wajen surfani. Namu sun ƙare ne?" Ban amsa maka ba saboda akwai mutane a wurin. Yanzu zauna ka ji, ɗana, don kai ma wata rana za ka buɗe naka shagon.

Mu fara da lissafin wata. Tela a Kano kakarsa daga Sha'aban ne zuwa daren ƙaramar Sallah, sai kuma gabanin babbar Sallah, kusan kwana 70 a tsakani. Daga nan sai zaman jiran biki da suna. To, kuɗin haya da man janareta ba ruwansu da Sallah ta wuce. Shekaru na yi a nan Fagge, ga Sabon Gari a maƙwabtanmu, mutanen cikinta suna ɗinkin Kirsimeti duk 25 ga Disamba, suna na Ista, suna kayan mawaƙan coci, amma ko yadi ɗaya ba ya shigo mana. Ba ƙiyayya ba ce. Mutum yana kai kayansa inda ya tabbata an san irin abin da yake so. Da na ɗauko wannan bawan Allah da kake cewa Ibo, watan Disamba ya koma mana wata Sallar. Kuma ka lura da hannunsa. Babbar riga tana rufa wa tela asiri, in ka yi kuskuren inci ɗaya ba mai gani. Kwat kuwa, kafaɗa ta goce kaɗan, daga nesa za a gane. Ni da shekaruna a wurinsa na koyi zaunar da wuyan kwat.

Batun yarinyar kuma, hasara ce ta koya mini. An taɓa kawo mini kayan lefen wata amarya, shadda da leshi masu tsada, mijin ya ce namiji ba zai auna ta ba, kuma hakkinsa ne. Aka aiko da tsohuwar rigarta na yi awo a kai. Ashe rigar tun ta 'yan mata ce. Kala uku suka lalace, na biya daga aljihuna, gidan kuma har yau ba su dawo ba. Yanzu ita ke ɗaukar tef ta shiga har ɗakin matan aure, inda ni da kai ba mu isa mu taka ba. Abin da mace za ta ji nauyin faɗa mini game da jikinta, ita za ta faɗa mata kai tsaye. In ta shiga gidan biki don awon mutum ɗaya, sau da yawa da ankon ƙawaye gaba ɗaya take fitowa. Ka gaya mini, ƙaninka zai iya wannan?

Mutumin Damagaram shi ne ƙofarmu ta Nijar. 'Yan Maraɗi da Damagaram suna zuwa Kantin Kwari sayen shadda, su canza sefa a Wapa, da yawansu suna son a ɗinka kafin su juya. Su da santimita suke awo, mu da inci, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. In an turo awo ta WhatsApp da Faransanci, shi ke karantawa ya mayar mana, don haka ba mu taɓa yanka yadin baƙo a kan zato ba. Kurman kuwa, kai shaida ne, tsaftar surfaninsa babu kamarta a layin nan, kuma 'yan uwansa kurame duk nan suke kawo ɗinki, tunda ga wanda za su yi maganar hannu da shi.

Ita kanta sana'ar ai haɗin gambiza ce. Hular zanna daga Borno ta zo, Nufawa sun yi suna a aikin manyan riguna tun zamanin kakanni, shaddar Getzner da manya ke yayi a ƙasar Ostiriya ake saƙa ta, kalmar anko ma a bakin Yarbawa muka ji ta.

Amma kada ka ɗauka tara mutane daban-daban shi kenan riba ta zo. Wahalarsa ta fi ta zama da 'yan gida, kuma maigida ne ke ɗaukarta. An yi cacar baki a nan kan tashar rediyo, an yi kan abinci da rana a watan azumi. Abin da ya riƙe su shi ne sun ga ba na bambantawa. Kuɗin riga ɗaya ne ga kowa, ko ɗan wane ne. Ranar Juma'a mu tafi masallaci su riƙe shago, ranar Lahadi su tafi coci mu riƙe, kwastoma bai taɓa tarar da ƙofa a kulle ba. Da azumi, gugar la'asar mai zafin nan su ke karɓa ba tare da an roƙe su ba. Na hana a kira kowa arne a ƙarƙashin rufin nan, na hana a kwaikwayi kurma don dariya, kuma na taɓa sallamar yaro mai hannu sosai a kan haka. Ma'aikacin da ake wulaƙantawa zai yi shiru ko ya ga kana shirin yanka shadda a karkace, in ya tashi tafiya kuma da kwastomominsa zai tafi.

Ƙaninka ka kawo shi ranar Asabar. Zai fara daga guga da saka maɓalli, yadda ka fara. Kai kuma gobe akwai kwat biyu na ango da abokinsa, ka bar kekenka ka tsaya a teburin yanka ka ga yadda ake fitar da kafaɗa.